Mutum goma a mota, huɗu a bakin kogi

Ba don kiɗa na je Liverpool ba. Ɗan yayata ne ya gama digirinsa na biyu a can, ciwon ƙafa ya hana uwarsa doguwar tafiya, dangi suka ce to kawu ya je ya tsaya masa. Na sauka a Manchester, na hau jirgin ƙasa, bayan kamar awa ɗaya ga mu a tashar Lime Street. Watan Yuli ne, amma yayyafi ake yi da wata iska mai shiga ƙashi, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare. Kwana biyun farko da agogon waya nake gane magariba.

Abin da na sani game da garin bai wuce biyu ba. Na farko ƙwallo, wadda samarin unguwarmu suke hana mu barci a kanta. Na biyu wani tsohon faifan garmaho da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saya tun yana akawu a Kaduna. A bangon faifan akwai Turawa huɗu, mawaƙan ƙungiyar Beatles 'yan Liverpool, gashi ya rufe musu goshi. Kakarmu ba ta taɓa kiran su Beatles ba, 'yan gashin nan take cewa, kuma da an ɗora faifan sai ta ja tabarmarta zuwa bayan ɗaki. Garmahon ya mutu tuntuni, faifan kuwa yana nan a akwatin yayata.

Washegarin biki yaron ya ce zai nuna mini gari. Muka gangara bakin kogin Mersey, wurin da ake kira Pier Head, inda aka kafa musu mutum-mutumin tagulla a 2015. John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr, sun fi mutum tsawo, suna taku kamar sun fito shan iska. Layi ake bi a ɗauki hoto da su.

"Kawu, shiga tsakaninsu in ɗauke ka."

"Da furfurar tawa?"

"Ai duk sun girme ka."

Na shiga. Da nan aka tsaya, da labarin ya ƙare. Sai dai da yamma ruwa ya kore mu cikin wani shagon tsoffin faifai da hotuna, ina ta juya kaya don kada a ce fakewa kawai muka zo yi, hannuna ya faɗa kan wani hoto na 1960. Mutum bakwai ne a gindin wani dutsen tunawa da sojojin yaƙin duniya na biyu a Arnhem, ƙasar Holan. Na gane Paul da George, yara ƙanana da su. Babu Ringo, John ma ba ya ciki. Akwai mace ɗaya, da wasu samari da ban sani ba, sannan a cikinsu ga wani baƙar fata kamar ni. Na tambayi yaron wane ne wannan, ya ce shi fa lafiya ya karanta. Na sayi hoton. Sauran kwana ukun da na yi a garin, wannan tambaya ce ta cinye su.

Mun fara da gidajensu. Ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust ce take riƙe da gidan da John ya tashi da wanda Paul ya tashi, ba a shiga sai a ƙaramar motarsu, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki. Na John shi ne mai lamba 251 a titin Menlove Avenue, unguwar Woolton, matarsa Yoko Ono ta saye shi a 2002 ta ba ƙungiyar. Na yi zaton ganin gidan talaka, sai na tarar da gidan masu rufin asiri, da lambu gaba da baya. John ɗan riƙo ne. Ubansa ma'aikacin jirgin ruwa ne da ba ya zama, shi kuwa tun yana shekara biyar yayar mahaifiyarsa, Mimi, ta ɗauke shi. Mace ce mai tsari wadda ba ta ga abin ci a jita ba, kuma ba ta ɓoye masa ba. Akwai wani ɗan soro na gilashi a ƙofar gidan, da ƙyar yake ɗaukar mutum biyu, nan John da Paul suke tsayawa su yi ta gwada murya saboda yana amsa amo. Na tsaya a ciki na yi gyaran murya, ai kuwa ya amsa.

Da muka fito aka nuna mana titin. A ranar 15 ga Yuli 1958 mahaifiyar John, Julia, ta zo gidan yayarta, ta yi sallama, tana tsallaka wannan titi mota ta buge ta ta mutu. John yana da shekara 17, kuma a lokacin ne ya fara shaƙuwa da ita, ita ce ma ta koya masa kama tsirkiya a kan banjo. Gidan Paul, mai lamba 20 a Forthlin Road, ƙarami ne, gidan haya na ƙaramar hukuma, falonsa bai kai rumfar mai shayi ba. Ubansa dillalin auduga ne mai taɓa fiyano, uwarsa Mary ungozoma ce, ciwon daji ya kashe ta a Oktoban 1956, Paul yana da shekara 14. A motar komawa na yi shiru. Duk shekarun da na yi ina ganin fuskokin nan a bangon faifai suna dariya, ban san marayun uwa biyu ne suka haɗa kai ba.

Haɗuwarsu kuwa a bikin coci aka yi ta. Ranar 6 ga Yuli 1957, a filin bayan cocin St Peter a Woolton, John mai shekara 16 ya yi wasa da 'yan makarantarsu, suna kiran kansu Quarrymen, ƙungiyar da daga baya ta zama Beatles. Wani abokinsu ya kawo Paul, mai shekara 15, bahago. Abin da ya burge John shi ne yaron ya iya ɗaure tsirkiyar jita daidai, kuma ya haddace baitocin waƙoƙin da shi John yake cike giɓinsu da ƙage. Kiɗan da suke yi a lokacin ana ce masa skiffle, kiɗan marasa kuɗi: allon wanki a matsayin ganga, akwatin ganyen shayi da sandar tsintsiya da igiya ɗaya a matsayin babbar jita. Duk wanda ya taɓa ɗaura tsirkiya a gwangwani yana yaro ya ce ya yi kuntigi, ya san wannan makaranta. George ya shigo a 1958, ɗan direban bas ne, kuma a saman bas mai hawa biyu aka yi masa gwaji da dare. A Yulin wannan shekara suka haɗa sule 17 da sisi suka ɗauki faifai ɗaya tak a gidan wani mutum mai na'ura, suka riƙa karɓa-karɓa da shi, kowa ya kwana da shi 'yan kwanaki. Sun kuma taki sa'a, domin Ingila ta daina kwasar samari aikin soja na dole daga waɗanda aka haifa bayan Satumban 1939. Da John da Ringo sun riga zuwa duniya da shekara biyu, da bariki suka nufa.

Ranar Juma'a yaron ya kai ni masallacin Brougham Terrace. Wani lauya ɗan garin, Abdullahi Quilliam, wanda ya musulunta a 1887, shi ya buɗe shi a 1889, aka rufe shekaru masu yawa, aka sake buɗewa a 2014. Shi wannan Quilliam ya je Legas a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey, yana wakiltar Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Na yi salla a sahu ɗaya da Yamalawa da Somaliyawa da Turawa, na fito ina jin garin ya rage mini baƙunta.

Daga nan muka miƙe zuwa West Derby, wani babban tsohon gida a Hayman's Green. A ganina, wanda yake da awa biyu kacal a Liverpool kuma yana son ganin inda abin ya faro, nan ya kamata ya je, ba tsakiyar gari ba. Matar gidan, Mona Best, haifaffiyar Indiya ce. Ta ga 'ya'yanta da abokansu ba su da wurin zuwa, sai ta share ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidanta ta mayar da su kulob ɗin matasa, ta sa masa suna Casbah, kofi da lemo kawai ake sayarwa. An buɗe ranar 29 ga Agusta 1959, kuma Quarrymen ne suka yi wasan buɗewa. Kafin nan sai da ta miƙa musu burushi suka yi fenti. Taurarin da suka zana a silin suna nan, da bakan-gizo, ba wanda ya sake taɓa su, kuma iyalin ne har yau suke kula da wurin. Silin ɗin ya yi ƙasa har na cire hula. Ɗan wannan mata, Pete Best, shi ne ɗaya daga samarin da ban gane ba a hotona. Shi ne mai gangar Beatles na shekara biyu.

Ɗayan saurayin Stuart Sutcliffe ne, abokin John a makarantar zane. Ya sayar da wani zanensa fam 65, su John suka lallashe shi ya sayi jitar bes da kuɗin, alhali bai iya kaɗa ta ba. Labarinsa na ji shi ne a Jacaranda, wani ɗan gidan kofi a Slater Street wanda yake nan har yanzu. Mai shi a wancan zamani Allan Williams ne, shi da matarsa suna cikin hoton. Yaran suna yini a wurin a kan kofi ɗaya, shi kuma yakan sa su fentin bango, a hankali ya fara nemo musu wuraren wasa. A ƙarƙashin wannan gida makaɗan gangar ƙarfe 'yan Karibiyan suke wasa. A nan ne na kai ga mutumina.

Sunansa Harold Phillips, ɗan Trinidad, ana kiransa Lord Woodbine, sunan wata taba ce aka laƙa masa. Ya zo Ingila a jirgin Empire Windrush a 1948, mawaƙin kalifso ne, wato kiɗan ƙasarsu, yana da kulob a Toxteth, kuma abokin harkar Williams ne. Muka hau bas zuwa Toxteth. Unguwa ce ta tsoffin manyan gidajen jan bulo, inda baƙaƙen fata suka daɗe da zama, domin jiragen kamfanin Elder Dempster sun shekara da shekaru suna kai da kawowa tsakanin Liverpool da Legas, ma'aikatan jirgi 'yan Afirka ta Yamma da yawa suka sauka suka yi aure suka zauna. A shekarun 1950 akwai kulob na 'yan Najeriya, na Yarbawa, na Ibo, na Somaliyawa, inda ake kiɗa bayan sauran gari ya yi barci. John da Paul suna zuwa irin waɗannan wurare suna kallon hannun makaɗa, suna manne da Woodbine har wasu suna kiran su yaransa. Yawancin wuraren babu su yanzu. Na yi ta duba bango ko zan ga sunansa, na gaji, muka sayi shawarma a wajen wani Bayamale muka ci a tsaye. Gobara ce ta kashe shi da matarsa a gidansu a nan Toxteth a 2000.

Wasu daga cikin makaɗan gangar ƙarfen nan ne suka fara tsallakawa Hamburg ta Jamus, labari ya dawo cewa akwai kasuwa a can. Williams da Woodbine suka je suka gani da idonsu. A tsakiyar Agustan 1960 aka cusa mutum goma a ƙaramar mota, kayan kiɗa a samanta kamar ta 'yan cin kasuwar ƙauye: Beatles biyar, wato John da Paul da George da Stuart da Pete, sai Williams da matarsa da ɗan'uwanta da Woodbine da wani tafinta. Pete kwana huɗu kacal da ɗaukarsa, domin Jamusawan sun ce sai da mai ganga. Ranar 16 ga wata aka ɗaga motar da ƙugiya aka ɗora a jirgin ruwa a Harwich. A hanya suka tsaya Arnhem aka ɗauki hoton da yake aljihuna. Washegari da dare suka hau dandamali a wani kulob mai suna Indra.

Hamburg ba ta cikin tafiyata, amma ba a fahimtar Liverpool ba tare da ita ba. Unguwar da aka kai su ta mashaya ce da karuwai da matuƙan jirgi. Masaukinsu wasu ɗakuna ne marasa taga a bayan majigin wani gidan silima, kusa da bayan gida. Awa huɗu da rabi suke wasa kowane dare, shida a ƙarshen mako, dare 48 a jere kafin a mayar da su wani kulob ɗin. Mai wurin yana yi musu tsawa da Jamusanci su motsa jiki, kada su tsaya kamar turaku. Waƙoƙin da suka sani ba su kai su cika dare ba, dole suka koyi ɗaruruwa, suka koyi riƙe hankalin mutumin da ba saurare ya zo yi ba. Har ƙwayar hana barci suka sha, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. A Nuwamba aka gane George shekararsa 17, aka kore shi daga ƙasar, aka bi da Paul da Pete bisa zargin tayar da wuta a masauki. Suka dawo gida hannu rabbana. Amma ranar 27 ga Disamba 1960 da suka yi wasa a zauren Litherland, an rubuta a talla cewa daga Hamburg suke, matasa suka bar rawa suka yi dafifi gaban dandamali, wasu ma sun ɗauka Jamusawa ne. Stuart ya zauna a Hamburg wajen budurwarsa mai ɗaukar hoto, Astrid Kirchherr, ya koma zane. Jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa ya mutu ranar 10 ga Afrilu 1962, yana da shekara 21.

Mathew Street, inda kowa yake rububin zuwa, ita ce ta fi ba ni ƙaramin abu. Lungu ne cike da shagunan riguna da masu ɗaukar hoto. A nan kulob ɗin Cavern yake, wanda asalinsa ƙarƙashin siton 'ya'yan itace ne. Beatles sun fara wasa a ciki da tsakar rana ranar 9 ga Fabrairu 1961 a kan fam 5, suka yi wasa sau 292, na ƙarshe ranar 3 ga Agusta 1963 a kan fam 300. 'Yan mata ma'aikatan ofis suna zuwa a hutun cin abinci, ba a sayar da giya, gumi yana tsiyaya a bango. Sai dai wancan Cavern an rufe shi a 1973 aka cike shi da ƙasa saboda aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wanda ake shiga yanzu an gina shi ne a 1984, da wasu daga tsoffin bulullukan. Na sauka, na ga wani saurayi yana kwaikwayon muryar John, na hau. Minti goma.

Abin da ya sa wurin ya shiga tarihi shi ne ranar 9 ga Nuwamba 1961, da Brian Epstein, mai shekara 27, wanda yake kula da shagon faifai na gidansu, ya sauko da kwat ɗinsa ya gan su. Ya zama manajansu. Williams sun riga sun ɓata da shi a kan kamasho. Epstein ya raba su da rigunan fata ya sa musu kwat, ya hana su ci da shan taba a dandamali. Kamfanin Decca ya saurari waƙoƙinsu 15 ranar 1 ga Janairu 1962 ya ce ba ya so. George Martin na kamfanin faifai na Parlophone ya karɓe su a Yuni, amma bai gamsu da gangar Pete ba. Ranar 16 ga Agusta 1962, shekara biyu cif da ɗora motarsu a jirgi, Epstein ya kira Pete ofis ya sallame shi, aka ɗauki Ringo a gurbinsa. Su ukun ba wanda ya zo ya faɗa masa da bakinsa. Ba na jayayya cewa Ringo ya fi dacewa da su, kunne ma ya shaida. Amma mutumin da kuka kwana da shi a bayan silima, wanda uwarsa ta ba ku ɗaki lokacin da ba ku da kowa, ya ci a yi masa kara. Mako bakwai bayan haka, ranar 5 ga Oktoba, faifansu na farko, Love Me Do, ya fito ya kai na 17 a jerin masu kasuwa. Pete ya yi aiki a gidan burodi, sannan ya shekara ashirin yana aikin gwamnati a ofishin samar wa mutane aiki. Sai a 1995, da aka fitar da tsoffin waƙoƙin da ya buga wa ganga, kuɗi na kirki suka shigo masa.

Ranar ƙarshe muka bi jirgin ƙasa ta ƙarƙashin kogin zuwa Port Sunlight, domin a can Ringo ya yi wasansa na farko a matsayin ɗan ƙungiya, ranar 18 ga Agusta 1962, kwana biyu da korar Pete. A zauren Hulme Hall aka yi, wajen rawar shekara ta ƙungiyar masu lambu. Ƙauye ne tsaf-tsaf, ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, William Lever ya fara gina shi a 1888 don ma'aikatan masana'antar sabulunsa, sabulun Sunlight ɗin nan da muka sani. Kamfaninsa ne ya sayi Niger Company a 1920, wanda daga baya ya zama UAC, masu sayen gyaɗarmu tun zamanin da Alhassan Ɗantata yake tara musu ita a Kano. Na zauna a benci ina kallon gidajen, ina tuna dalar gyaɗa. Yaron ya ce, "Kawu, ka yi nisa." Na ce masa ina lissafin buhuna ne. Zauren a rufe yake ranar, muka leƙa ta taga, kujeru ne a jere ana shirin bikin aure.

Da na dawo gida na kai wa yayata hotunan bikin ɗanta, ta gama kukanta da addu'o'inta. Ta yi dariyar hotona a tsakanin mutanen tagulla har da riƙe ciki. Na sa ta buɗe akwati ta ciro faifan Baba, na zare hoton Arnhem zan saka shi cikin bangon. Ta karɓe, ta matsa kusa da ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan Woodbine.

"Wannan fa, wane ne?"

Na ce ta sa a ɗora shayi.